Minti Tara Cikin Rigar Yaya

Litinin, 1 ga Satumba

Zaman kwamiti na farko. An ce ƙarfe huɗu, sai biyar saura muka fara, saboda Shugaba ya tsaya yi wa masu fentin sabon zauren wasa faɗa. Kulob ɗinmu na ƙwallon kwando zai cika shekara hamsin a wata mai zuwa, kuma an yanke cewa ranar buɗe zauren za a rataye rigar ɗan wasa ɗaya can sama kusa da rufi, ba wanda zai ƙara sa lambarta har abada. Ɗaya tak. Na ce me zai hana biyu? Shugaba ya ce in aka ce biyu gobe sai a ce biyar, jibi kowa ya kwaso rigar kawunsa.

Mu biyar ne za mu zaɓa: Shugaba, tsohon Koci da sandarsa, Mai kemis, Mai sharhin wasanni na gidan rediyo, sai ni. An sa ni ne don ni na riƙe littafin maki a teburin gefen fili shekara ashirin da biyu. "Malama ai ita ce tarihin," in ji Shugaba. Na yi murmushi kamar mutuniyar kirki.

Ba a yi minti goma ba sunaye suka koma biyu: Yayana, wanda gari ke kira Guguwa, da abokinsa Bango. Da ma kowa ya san haka za a yi. Na ce tunda yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, bari in fita daga kwamitin. Suka ce sam, ba wanda zai zarge ni da son kai. Da sun zarge ni ma da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Gidan Yaya, kamar kowace Alhamis tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara. Na motsa masa hannun dama yadda likita ya nuna, sama da ƙasa sau ashirin, sannan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Hannun da ya taɓa riƙe ƙwallo kamar lemo, yau cokali yake gagararsa.

Labari ya riga ni zuwa. Anti, matarsa, har ta ciro rigar mai lamba takwas daga ƙasan akwati ta wanke ta goge, ta rataye a ƙofar kabad inda zai gan ta daga kan gado. Tun da ya kwanta ban ga idonsa da haske irin na yau ba. Ya ci abincinsa duka, har ya nemi ƙari.

Maganarsa har yanzu a lauye take fita, sai ka kasa kunne sosai. Amma "arba'in da ɗaya", makin da ya yi suna da su, ya faɗe ta garau, ko harafi bai ɓace ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Na gyara takardun jarrabawar ɗalibai sittin. Na rage wa wata yarinya maki biyu don ta kwafi amsa. Ni!

Litinin, 8 ga Satumba

Yau aka yi gardamar gaske, har mai shara ya leƙo ya ga ko dambe ake.

Mai kemis ya zo da takarda ya ja layuka kamar zai haɗa magani. Shi a wurinsa ƙwallon kwando jifa ne, wanda ya fi zubawa a raga shi ne babba, sauran duk surutu. Guguwa ya yi shekara bakwai yana jan ragamar masu cin maki. Bango kuwa, in ji shi, "in ka ba shi ƙwallo a ƙarƙashin kwando sai ya waiwaya yana neman wanda zai ba."

Mai sharhi ya ce to a ƙirga kofi. Guguwa biyu. Bango biyar, uku daga ciki bayan Guguwa ya daina wasa. Mai kemis ya ce kofi na mutum goma sha biyu ne, har direban bas yana da rabo a ciki. Mai sharhi ya ce maki ma sai wani ya miƙo maka ƙwallon, ko daga sama take faɗowa? Nan suka koma kan wane ne ya fi: wanda ya yi shekara bakwai yana cin wuta, ko wanda ya yi sha biyar bai taɓa fashin wasa ba. Shugaba ya ce shi abin da ya sani, ranar da Guguwa zai buga ba a samun wurin tsayawa, ranar da ba ya nan har akuya za ta iya shigowa ta zauna. Wannan ma ma'auni ne, in ji shi.

Koci idonsa a rufe, na ɗauka ya yi barci. Sai ya ɗago ya ce, "In wasa ɗaya ne, ku ba ni Guguwa. In shekara goma ne, ku ba ni Bango." Aka ce to wanne ke nan? Ya ce a miƙo masa ruwa.

Abin da nake tunani shi ne littafina ba shi da gurbin rubuta yawancin abin da Bango yake yi. Ba gurbin wanda ya tsaya ya tare mutum biyu don wani ya wuce. Ba gurbin ƙwallon da abokin hamayya ya fasa jefawa don ya hango shi. Ina gani daga tebur, alƙalamina a hannu, ba inda zan sa.

A ƙarshe Mai kemis ya buga tebur ya ce duk a bar wannan, maki arba'in da ɗaya a wasan ƙarshe na kofi, shekara talatin da ɗaya ba wanda ya kamo. Ya juyo ya ce, "Malama, ki zo mana da littafin mako mai zuwa, a rufe bakin kowa."

Na ce to.

Talata, 9 ga Satumba

Na sauko da littafin daga saman kabad. Bari in rubuta abin sau ɗaya, tunda ban taɓa faɗa wa ko bangon ɗaki ba.

Wasan a wani gari aka yi, tafiyar wuni guda a bas, 'yan kallonmu ba su fi goma ba. Mai rubutun da hukuma za ta turo bai zo ba, aka ce ni in riƙe littafin wasan. Shekarata ashirin da biyu. Mazan da ke teburin suka kalle ni suka kalli juna, ɗaya ya ce ko an tabbata yarinyar ta iya haɗa biyu da uku.

Abu na farko da Koci ya koya mini a wannan aiki shi ne mai tebur ba ya kallon fuska, lamba yake kallo. Fuska tana ruɗi, lamba ba ta yi. Haka na saba, idona a bayan riga, hannuna a layin lambar.

Dab da hutun rabin lokaci aka yi wata cakuɗa a ƙarƙashin kwando. Yaya ya gurɗe ƙafa, rigar Bango mai lamba sha uku kuma ta yage daga wuya har ƙugu. Ba mu da ta canji. Aka shiga da Yaya ciki ana ɗaure masa ƙafa, direba ya zauna da allura yana ɗinke ta Bango, shi kuma Bango ya zura ta Yaya ya fito. Ya kamata a sanar da tebur. Ba wanda ya tuna. Tsayinsu ɗaya, duka sun aske kai ƙwal, kuma bayan hutu kwandon da muke kai wa hari shi ne na can nesa da ni.

Lamba takwas ta jefa, na rubuta wa takwas. Ta sake, na sake. Waɗannan maki huɗun Allah ya sani kuskure ne. Sai aka yi masa ƙeta aka ba shi jifa daga layi, na ga mutum ya durƙusa kamar zai ɗauki buhu, ya zaro harshe gefe. Duk duniya Bango kaɗai ke jifa haka. Nan na gane shi ne cikin rigar Yaya.

Da tawada nake rubutu. Gyara sai an tsayar da wasa, an kira alƙali ya sa hannu, a gaban mutumin nan da ya tambaya ko na iya biyu da uku. Na ce a raina bari sai an tashi. Wannan tsoro ne, kuma zan iya yafe wa yarinyar da ta ji shi. Abin da ba zan iya yafewa ba shi ne daga jifa na biyar na daina jin tsoro. Layin Yaya yana cika, kuma daɗi nake ji.

Minti tara Bango ya yi cikin rigar. Mutumin da ba ya jifa, ranar ko me ya shige shi, ya ci sha huɗu. Sannan Yaya ya dawo yana ɗingishi ya karɓi rigarsa ya ƙarasa. Mun ci da ratar uku. Na Yaya na gaskiya ashirin da bakwai ne.

A bas an yi ta tsokanar Bango wai rigar ce ta yi jifan ba shi ba. Bayan kwana uku jarida ta fito da arba'in da ɗaya, daga littafina aka kwafa. Kowa murna yake sunan kulob ya fito, ba wanda ya zauna ya yi lissafi. Shekara biyar labarin rigar ya ɓace, lambar ta tsaya. 'Yan wasan ranar wasu sun rasu, wasu sun bar ƙasar.

Ga shi na rubuta. Ban ji wani sauƙi ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na tafi da niyyar faɗa wa Yaya. Na tarar ana yi masa aski, wai yana gwada yadda zai fito ranar. Ya sa Anti ta tsayar da shi ya yi taku shida daga gado zuwa taga, yana haki yana dariya. Ya ce ba a keke za a tura shi cikin zauren ba, da ƙafarsa zai shiga.

Mutumin nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu lokacin da kawunnai suka ce ya isa haka. Shi ya kai ni wurin Koci ya ce ƙanwata ta fi duk yaranka kai, ka ba ta littafi.

Na motsa masa hannu sau ashirin na dawo gida.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na faɗa wa Maigida muna shan shayi bayan yara sun fita. Ya ajiye kofinsa ya kalle ni kamar an sauya masa mata. Da farko dariya ya yi, wai shekara ashirin da shida yana zaune da ɓarauniyar maki bai sani ba. Da ya ga ban yi dariya ba ya daina.

Ya ce in bar shi. "Mutum na kwance, wannan abin ne ke tayar da shi. Shi wancan ya taɓa zuwa ya ce miki an cuce shi?" Na ce bai taɓa ba. Ya ce to wa zan taimaka, Bango ko kaina?

Na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi ɗauke kofunan.

Litinin, 15 ga Satumba

Na kai littafin. Mai kemis ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa shafin, ya ɗauki hoto da waya har sau uku. Ya ce za a buga 41 ƙato a ƙyallen da za a rataye tare da rigar, har ya yi magana da mai bugawa. Mai sharhi ya ce ai ba a jefa ƙuri'a ba tukuna. Mai kemis ya ce jefa ƙuri'a bayan wannan shafi ɓata takarda ne. Na ga Shugaba yana gyaɗa kai. Shi kansa Mai sharhi jikinsa ya yi sanyi, ya ce gaskiya arba'in da ɗaya da gurɗaɗɗiyar ƙafa ba wasa ba ne.

Koci ya jawo littafin ya kai shi dab da hanci. Ya bi layin sha uku da yatsa, ya ga maki biyu kacal. Ya ce, "Ba ranar nan ba ce Bango ya haukace?" Mai kemis ya ce Baba ka haɗa da wani wasan. Koci ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina neman abin da ban yar ba a cikin jaka. Tsoho ya ce, "To, ƙila na manta," ya tura littafin.

Na bar mutum mai shekara tamanin ya ɗauka kansa ne ya lalace. Wannan laifi sabo ne, na yau, ba na shekara talatin da ɗaya ba.

Ƙuri'a Litinin mai zuwa.

Laraba, 17 ga Satumba

Daga makaranta na wuce shagon waldar Bango. Na same shi yana haɗa zoben kwandunan sabon zauren, shi aka ba aikin. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "'Yar tebur! Yau wace rana?" Ya share mini benci da hannun riga. Ya yi furfura, amma faɗin nan nasa yana nan, in ya tsaya a ƙofa shagon sai ya yi duhu.

Na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar Yaya, tsadar ƙarfe. Sannan na ce na zo ne kan wasan nan. Bai bari na ƙarasa ba. "Sha huɗu. Shida daga ƙarƙashi, biyu daga layi." Kamar jiya aka yi.

Na ce me ya sa bai taɓa zuwa ya same ni ba? Ya ce yarinya ce ni a lokacin, kuma ƙanwar abokinsa, in ya tayar da maganar a kaina za ta ƙare. Ya ce shi ba riga yake so ba, a rataye ta Guguwa, shi mutane ke zuwa kallo, shi kuwa aikinsa ya buɗe masa hanya kuma bai taɓa jin ƙyashi ba. Har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai ga 'yarsa, mai shagon ɗinki a gefe, ta kawo masa abinci. Ta gaishe ni ta ce, "Anti, ko ya fara miki labarin sha huɗun? Kada ki biye masa, mu tun muna yara muke sha." Ta yi dariya ta fita.

Ya juya ƙarfe a hannu. Ya ce sau ɗaya ya ba matarsa labarin, farkon aurensu. Ta je ta samo yankin jaridar wurin yayanta ta nuna masa, ta ce ga shi a rubuce, maki biyu ka ci. Daga nan ya zama abin tsokana a gidan, duk wanda ya yi cika baki sai a ce ya ci sha huɗun Baba. Ba da mugunta ba, in ji shi, tana son sa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta.

"Da dai ta ji daga bakin wani," ya ce. Ya sauke gilashin ya ci gaba da walda, ni kuma na zauna ina kallon tartsatsi har idona ya yi ruwa, na samu abin fakewa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na jira Anti ta tafi kasuwa. Ina riƙe da hannunsa na ce, Yaya, wasan nan, makinka ba arba'in da ɗaya ba ne.

Ya ce, "Ashirin da bakwai."

Na saki hannun. Ya ce wane ɗan wasa ne bai san abin da ya ci ba? Tun ranar da jarida ta fito ya sani. Ya ɗauka ni ce ban sani ba, ya ɗauka har yau ina ganin daidai na rubuta. Ya yi shiru ne don kada a kore ni daga tebur a ce da ma mace. Ya tsaya ya huta, maganar tana ba shi wahala, sannan ya ce, "Daga baya kuma, Auta, ya yi daɗi." Ashe jininmu ɗaya har a nan.

Na ce zan faɗa wa kwamiti ranar Litinin.

Ya kalli rigar a ƙofar kabad. Ya ce in bari sai an rataye. Wata ɗaya. Bayan nan in hau rediyo in faɗa wa duniya, ba ruwansa. Ya ce, "Na taɓa roƙonki wani abu?"

Bai taɓa ba. Ko allura.

Jumma'a, 19 ga Satumba

Wata ɗaya. Me wata ɗaya zai rage wa wanda ya jira shekara talatin da ɗaya? Haka na yi ta faɗa wa kaina a aji har na rubuta lissafi ba daidai ba a allo, yara suka gyara mini.

Sai dai in an rataye an rataye. Ba wanda zai hau tsani ya sauke rigar mara lafiya, kuma Yaya ya san haka. Ni ma na sani.

Lahadi, 21 ga Satumba

Anti ta zo da kanta, ko zama ba ta yi ba. Yaya ya gaya mata. Ta ce kwana uku bai yi takunsa zuwa taga ba. Ta ce ni nake zuwa ranar Alhamis in yi awa ɗaya in tafi, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ta san abin da rigar nan ta yi masa wanda magani bai yi ba. "In ya koma kwance, ke za ki ɗauka?"

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na raka ta bakin titi, ba ta amsa sallamata ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Na faɗa.

Kafin a raba takardun ƙuri'a na miƙe. Na buɗe shafin na nuna musu daga inda zuwa inda. Ban ce kuskure ne kawai ba, na faɗi inda kuskuren ya ƙare. Na kuma ba Koci haƙuri a gaban kowa. Tsoho ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Na ce muku ya haukace ranar!" Shi kaɗai ya ji daɗi a ɗakin.

Mai kemis ya dafe kai. Ya ce shekara talatin yana cin mutane gardama da lambar nan a shagonsa. Sannan, abin mamaki, ya ce ashirin da bakwai da gurɗaɗɗiyar ƙafa ma ba wanda ya yi, kuma shekara bakwai ɗin nan ba riga ce ta ci su ba, yana nan a kan Guguwa. Mai sharhi ya ce wannan ya nuna Bango ya iya jifa tun da can, bari ya yi don wani ya ci, to wane ma'auni ne zai auna abin da mutum ya bari? Suka sake kaurewa. Shugaba ya ce ya isa, kowa ya rubuta.

Na sake cewa a cire ni. Koci ya ce wanda ya fi kowa ganin wasannin nan ba zai gudu ba, in zauna.

Bango uku, Guguwa biyu.

Talata, 23 ga Satumba

Mai sharhi ya ba da labarin a shirinsa na rana. Na roƙe shi ya ce laifin mai tebur ne, kada ya taɓa Yaya, ya kuma cika alkawari. A ɗakin malamai sai kallona ake yi.

'Yar Bango ta kira ni. Ta fara magana sai kuka ya ci ƙarfinta, ta ce, "Anti, mun yi ta yi masa dariya." Na ce ba laifinku ba ne, a rubuce kuka gani. Ta ce ya rufe shago tun safe ya tafi maƙabarta.

Shi bai kira ba. Ban sa ran zai kira ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Anti ta ce barci yake. Daga ƙofa ina jin rediyonsa. Na ajiye lemon da na kawo na juyo.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yau an bar ni na shiga. Ya rame. Anti ta ce taku biyu yake yi yanzu, da ƙyar, kuma ya ce ba zai je buɗe zauren ba. Bango ya zo shekaranjiya sun rufe ƙofa sun daɗe, ba ta san me suka ce ba, ta dai ji dariya sau ɗaya.

Ya miƙo mini hannun bai kalle ni ba. Na yi masa ashirin ɗin, na bi yatsu. Sai da na gama ya ce, "Uku da biyu." Na ce e. Ya ce Mai kemis nasa ne, Shugaba ma ya aiko ya ce nasa ne. Ya ce, "To ke fa?"

Na ce Bango na zaɓa.

Ya ce don in wanke laifina? Da na ce e da ya karɓa, na ga yana jira in ce e, har ya fara gyaɗa kai. Na ce a'a, Yaya. Ko da arba'in da ɗayan naka ne duka, shi zan zaɓa. Na zauna a teburin nan na kalle ku ku biyu, kai ka fi kowa kyan kallo, amma shi ya fi.

Ban san ina da wannan maganar a cikina ba sai da ta fito. Tun ina yarinya duk wanda ya ce wani ya fi Yayana faɗa muke yi.

Ya kalli rufi. Sannan ya ce, "Wannan ta fi zafi, Auta." Na ce na sani. Ya ce in gyara masa matashin kai kafin in tafi, in kuma zo da wuri mako mai zuwa, Anti ba ta iya yatsun ba, ja take kamar tana tsinke ganye.

Tun da na dawo nake laluben nadama a raina. Zafin abin da na yi masa yana nan, ko abinci na kasa ci, kuma in takun nan bai dawo ba na san da hannuna a ciki. Amma nadamar ban same ta ba. Ƙila sai gobe.